Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Manajan gidan rediyonmu na FM a Sakkwato

Assalamu alaikum Yallaɓai Manaja. Ina gaishe ka da kai da ma'aikatanka gaba ɗaya, tun daga masu gabatar da shiri har yaron da ke tada janareta. Ya aiki, ya zafi, ya haƙuri da mu masu yawan ƙorafi.

Ba zan kama sunan tasha ba dan ba tozarci ya kawo ni ba, kuma duk mai buɗa rediyo cikin garin ga ya san gidan da nike nufi, wanda ke sakin kiɗa tun hantsi har tsakar dare ana mishi kirari da gidan matasa. Ni tela ne. Wanda ya san ɗinki ya san hannu da ƙafa da ido duk suna kan keke, kunne kaɗai ke zaman banza, shi ya sa da wuya ka samu masu sauraren rediyo irin mu, sai fa direbobi da masu shayi da matan aure da ke cikin gida. Kenan mu ne mutanenku na gaske, ba masu danna laik a Facebook su wuce ba. Abinda zan faɗi kuma ba ni kaɗai ke da shi a ciki ba, magana ce da ake ta yi a shaguna da majalisu, ni dai ne na ce bari in zauna in rubuta ko Allah zai sa wani ya tura ma.

Yallaɓai mi kuke saidawa a gidan nan? Na san za ka ce fili da talla. To amma wanda ya biya kuɗin talla ai ba iska ya saya ba, kunnuwanmu ya saya. Da can rediyo duk ta gwamnati ce, mu nan da Rima Rediyo munka tashi da kuma Kaduna, safe da dare iyayenmu su murɗo BBC ko Jamus a gajeren zango. Sai a 1992 zamanin Babangida anka yi dokar da ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talbijin ta kuma ba 'yan kasuwa damar buɗe nasu gidajen, Raypower ta fara a Legas a 1994, nan Arewa Freedom ta buɗe a Kano a 2003, daga baya abin ya iso mana. Tun daga nan lissafi ya canza. Gidan gwamnati ko mutum ɗaya bai saurare albashi zai fito daga baitulmali, ku ko in ba mu to ba ku. Ranar da yaronku mai neman talla ya ɗauki fayil ya shiga banki ko kamfanin waya ko wurin dilan taki, abinda yake gaya masu shine ana jin mu Mabera, ana jin mu Arkilla da Runjin Sambo da Gidan Igwai, ana jin mu har Kware da Bodinga da Dange. To wa ke jin? Mu ne. Mu ne hajar da kuke kai wa kasuwa, kuma ni ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ke watsar da hajarshi cikin rana da ƙura sannan ya zauna jiran ta yi tsada ba.

Kar ka ce ban san wahalarku ba, na sani sarai. Wuta ba ta tsayawa, na'urar watsa shiri kuma ba ta san uzuri ba, sitidiyo dole sai da esi in ba haka ba zafin Afrilu na garin ga da ke haura digiri 40 ya gama da kayan aiki. Dizal tun da ya tashi a 2022 bai sake komawa inda ya baro ba, har ya zo ya wuce naira dubu lita ɗaya, sannan a watan Mayun 2023 anka cire tallafin fetur komi ya bi shi sama harda kuɗin abin hawan ma'aikatanku. Ga kuɗin lasisi, ba mu manta ba a watan Agustan 2022 NBC ta ce ta soke lasisin gidaje 52 a faɗin ƙasa sabida bashin da ya haura naira biliyan 2, sai da anka yi ta ban baki kafin ta ɗaga ƙafa. Manyan kamfanoni kuma kuɗin tallarsu yawanci Legas da Abuja da Kano yake ƙarewa, ɗan ragowar ne ke isowa nan. Duk na yarda da wanga. Amma matsi bai zama hujjar a karɓi kowane irin kuɗi a zuba mana kowane irin abu a kunne ba.

Tallar masu magani nike nufi, kuma nan zan daɗe dan ita ce ta fi ci mana tuwo a ƙwarya. Dan Allah Yallaɓai kai kana buɗa tasharka kuwa da rana? Mutum ya sayi minti talatin, a miƙa mishi makirfo, ba mai duba abinda zai faɗa, ya zauna ya yi ta zayyana al'aurar namiji da ta mace da abinda ke faruwa a shimfiɗa da sunan maganin sanyi da basir da ƙarfin maza, da irin lafazin da ko a tashar mota sai an kauda kai. Kuma da wane lokaci? Ƙarfe biyu na rana, daidai sadda yara sunka dawo boko suna cin abinci kafin su wuce islamiyya, rediyo na tsakar gida, uwa na nan ɗiya na nan, wani gidan harda suruka zaune bisa tabarma. A shago kuwa ga yaran da iyayensu sunka ba mu amana su koyi sana'a, ga matar mutane ta zo awo ko karɓar ɗinki, sai ka ga kowa ya sunkuyar da kai ana lalube a kashe rediyo, wani lokacin garin sauri har a ture almakashi ƙasa. Haba jama'a. Garin ga da kunya anka san shi, har yau akwai gidajen da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, amma a ce cikin irin gidajen nan ne wani ƙato zai shigo ta akwatin rediyo yana faɗin abinda miji bai iya faɗa wa matarshi gaban mutane, kuma ku ne kunka buɗe mishi ƙofa.

Bar ma ta kunya, akwai ta rai. Gora ɗaya a ce tana maganin taifot da ulsa da ciwon suga da hawan jini da ciwon hanta da rashin haihuwa, a ƙarshe a ƙara da sammu dan kar a bar kowa a baya. Mai ciwon suga da ke ƙauye ya ji, shi a wurinshi duk abinda rediyo ta faɗa gaskiya ne dan ya ɗauka sai da manya sunka bincika kafin a saki, sai ya jingine maganin asibiti ya saida akuya ya aiko birni a sai mishi gora uku. Sai ƙafa ta ruɓe ko ƙoda ta tsaya sannan a kwaso shi a nufi asibiti bayan aikin gama ya gama. Ku tambayi duk wani likita ko nas da kunka sani in ƙarya nike. Ban ce duk mai maganin gargajiya maƙaryaci ne ba, mun sha saƙe-saƙi da jiƙe-jiƙe tun muna yara kuma ga mu nan, akwai masu tsoron Allah a cikinsu da za su duba ka su ce wanga ba nawa ba ne tafi asibiti. Irin waɗanga ma ba su cika zuwa rediyo ba.

Kuma doka ta san da zancen nan. NAFDAC ce ke da alhakin duba magani da amincewa da tallarshi kafin a watsa, akwai hukumar kula da tallace-tallace ARCON da ya kamata talla ta bi ta hannunta, kundin NBC ɗin da ke ba ku lasisi ma bai yarda a fito ana alkawarin warkar da cuta haka siddan ba. Lambar NAFDAC da suke ta tutiya da ita a jikin gorar gargajiya yawanci shaida ce kawai cewa an gwada abin ba a ga cutarwa a shan shi ba, ba shaida ba ce cewa yana warkar da cututtukan da anka jera, shi ya sa ake sa su rubuta a jikin kwalba cewa hukuma ba ta tantance iƙirarin ba, sai dai da turanci ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe wanda mai saye bai iya karantawa. To mi zai hana kafin ku karɓi kuɗin mutum ku ce ina takardarka, ku naɗi shirin tukuna wani babba a cikinku ya saurara ya yanke ƙazantar da ƙaryar, in mai magani ya ƙi ya tafi da kuɗinshi Allah ya kawo wani. In kuma dole sai an yi zancen ma'aurata, dan ni ma na san akwai masu matsala da ke buƙatar a yi masu bayani, a kai shi bayan sha ɗaya na dare, a zaunar da likita ko ungozoma a yi shi da mutunci.

Sai kiɗa, wanda shi ne sana'arku ta asali. Ni ba na cikin masu cewa a rufe gidan kiɗa, wanda bai so ya murɗa gaba ga shirye-shiryen wa'azi da karatu nan da yawa. In gaskiya za a bi ma kuna tsayawa lokacin kiran salla, da azumi kuna canza tsari, Allah ya saka da alheri. Kuma mu teloli ba za mu manta da ku ba a goman ƙarshe, sadda ɗinkin salla ya taru kwastoma na ta sintiri ana kwana bisa keke, muryar mai gabatar da shirin dare ce ke hana yara gyangyaɗi su ɗinke yatsa. Kenan ba ƙiyayya a tsakaninmu.

Matsalar ita ce kun tsaya inda duniya ta baro. Da can in kana son sabuwar waƙa sai ka jira rediyo ko ka sayi kaset. Yanzu yaron shago da 'yan canjinshi zai je wurin masu turi a kasuwa a cika mishi memori da waƙoƙi ɗari-ɗari, mai data kuma ga Audiomack ga YouTube ga TikTok, waƙa ta fito Legas ko Kano da safe kafin azahar tana tashi cikin keke napep a shataletalen Dandima. To in duk abinda za ku ba ni shine 'yan waƙoƙin nan da ke yawo ko'ina, a maimaita su safe a maimaita rana a maimaita dare, tsakaninsu kuma talla bakwai a jere da ƙarar da ta fi ta waƙar sai mutum ya tashi ya rage murya, mi zai sa in jure? Memori na ba ni su ba talla, wadda ta gundure ni in tsallake.

Abinda memori ba ta iya ba ni shine Sakkwato. Nan abincinku yake amma kun ƙi dubawa.

Garin ga cike yake da yara masu waƙa, wasu ta soyayya wasu hip hop wasu yabon Manzo wasu faɗakarwa, suna tara kuɗin kabu-kabu da na leburanci su shiga ɗan sitidiyo su buga waƙa guda da ƙyar. Su kawo maku da murna, sai a ce sai sun ga dije. Kowa ya san mi ake nufi. Wanda ya bada a yi ta juya tashi ko da ba ta da kan gado, wanda bai da shi ko waƙarshi ta fi ta kowa sai dai ya tura wa abokai a WhatsApp su ce mishi ka yi ƙoƙari. Abin ma a juye yake, dan a dokar haƙƙin mallaka, wadda anka sabunta anka sa mata hannu a 2023, gidan rediyo ne ya kamata ya biya mai waƙa ladan amfani da waƙarshi. Ban ce ku fara rabon kuɗi gobe ba na san babu, amma ko awa ɗaya a rana ku ware wa 'yan gida kyauta, a sa waƙa jama'a su kira su ce wagga ta yi, wagga a koma a gyara. Yaron da kunka sa waƙarshi unguwarsu gaba ɗaya a tasharku za ta wuni, uwarshi da ba ta taɓa jin ku ba ranar sai ta ari rediyo wurin maƙwabta, kuma duk sababbin kunnuwa ne da za ku ƙirga wa mai talla.

Sannan tsofaffin. Ƙasar Sakkwato ta da, kafin a yanke Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996, ita ce rumbun makaɗan Hausa, wanga ba cika baki ba ne abu ne da ake koyarwa a jami'a. Narambaɗa mutumin ƙasar Isa ne, Jankiɗi sarkin taushin Sarkin Musulmi ne, ga Ɗanƙwairo na Maradun, ga Ɗan Anace na 'yan dambe, ga makaɗan noma da na maza da ba su ƙirguwa. Ana rubuta digiri a kansu nan jami'ar Ɗanfodiyo, amma yaro ɗan shekara ashirin da ke manne da tasharku kullum zai iya cinye shekara bai ji kotso ko taushi ko kalangu daga gidanku ba. Kar ku ce matasa ba su so, ku duba yadda suke yanko guntayen waƙoƙin nan suna ɗorawa a sitatus da TikTok, musamman in wani ya yi masu abu suna son su yi habaici. Ba cewa na yi ku koma gidan tarihi ba. Tsakanin ta Legas da ta Kano a jefa guda ɗaya, mai gabatarwa ya ce wane ne wanga, wa ya yi wa waƙar, mi ya faru lokacin, minti biyar an gama.

Dijenku kuma ya riƙa sauraren waƙa kafin ya saki. Da yawa cikin na kudu in an fassara ma abinda ake faɗi da buroka ko yarbanci ba za ka bari ɗiyarka ta rera ba, kuma tana nan tana rerawa wurin wanke-wanke dan ba ta san ma'ana ba. Akwai waɗanda anka tace musamman dan rediyo, su ya kamata a nema. Na Hausar ma yanzu ba duka ke shiga gida ba.

Mu zo shirin kiran waya da gaishe-gaishe. Wallahi ina son shirin nan, kuma masu raina shi ba su san abinda ya ƙulla ba. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba sun zama 'yan uwa ta dalilinshi, ƙungiyoyin masu saurare na zuwa suna da biki da gaisuwar rasuwa, suna zuwa duba mara lafiya a asibiti, suna haɗa wa wanda gobara ta shafa ɗan abinda ya sawwaƙa. Ku ne sila kuma ladan na nan. Amma layin ya koma na wasu 'yan tsiraru. Muryoyin nan dai, kowa da sarautar da ya naɗa wa kanshi, ya kira da safe ya gaida mutum arba'in, da rana ya sake kira ya gaida su, su ma su kira su mayar mishi, da dare a sake sabon zagaye. Mu sauran sai dai mu yi ta danna waya ana cewa layi na aiki, in an yi sa'a ya shiga a ajiye ka kana jin kiɗa katinka na zuba, ka buɗa baki a ce rage muryar rediyonka, ka rage, a ce lokaci ya ƙure sai wani jiƙon. Ku buɗe lambar WhatsApp a riƙa turo saƙon murya kuna zaɓa, ku sa ƙa'ida wanda ya shiga yau ya bar wa wani gobe. Ku ma 'yan uwana sarakunan gaisuwa kar ku ji haushi da ku nike, a gaida mutum biyar a bar wa na Tangaza da ya hau tudu neman netwok shi ma ya gaida tsohuwarshi.

In mace ta kira kuma dan girman Allah a daina tsare ta da kina da aure, wace unguwa kike, muryarki da daɗi. Saƙo ta kira ta isar ko waƙa take so a sa mata. Irin wanga ne ya sa mata da yawa sunka daina kira alhali sun fi mu saurare nesa ba kusa ba, wasu kuma mazajen ne sunka hana, kuma in ka duba ba ka ga laifinsu.

Yallaɓai ka tuna watan Satumban 2021 da gwamnati ta sa anka kashe netwok a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar ga sabida 'yan bindiga? Lokacin ba kira ba WhatsApp ba Facebook, mutumin Rabah ko Goronyo ko Tureta in yana son ya san halin da ake ciki sai dai ya kama rediyo, duk tashar da ta kai wurinshi. Tun lokacin ya kamata ku gane nauyin abinda ke hannunku. Rediyo ba ta cin data, 'yar ƙaramar waya mai tocila da iyafis ta isa, ko ɗan akwatin nan mai sola da ake ratayawa a kafaɗa a tafi gona ko kiwo. Har gobe mutanenmu na karkara da ita sunka dogara.

To mi kuke ba su? Na san gidan kiɗa ne ku, ban ce ku zama BBC ba. Amma tsakanin waƙa da waƙa minti uku ya isa a ce yau buhun albasa kaza ne, gero kaza a Achida, raguna sun tashi ko sun faɗi ranar Lahadi a Illela. Manomin albasa na Gada ko Wurno ko Kware in ya san farashin birni dillali bai yi mishi wayo a bakin gona. Damina in ta matso a gaya wa mutane hasashen hukumar yanayi NiMet da Hausar da za su gane, yaushe ruwa zai zauna yaushe ake sa ran zai ɗauke, in za a saki ruwa a dam ɗin Goronyo a yi ta nanatawa har mutane su gaji da ji, wanda ya ga ambaliyar 2010 ya san abinda nike faɗi. Da bazara a tuna wa iyaye sanƙarau da ƙyanda da inda ake rigakafi. Yaro in ya ɓata a karanta cigiyarshi nan take kyauta, ba sai uwar da hankalinta ya tashi ta zo ofis an miƙo mata takardar kuɗin sanarwa ba. Kuma wallahi in kun iya duk wanga kuɗi ne, dan mai saida taki da iri da injin ban ruwa ya fi son a ce shi ya ɗauki nauyin farashin kasuwa da kowa ke jira da ƙarfe bakwai, akan a cusa tallarshi bayan waƙar da mutum ya gaji da ji ya riga ya murɗa gaba.

Harshe kuma. Ban san wa ya gaya wa yaranku cewa wayewa ita ce a cakuɗa Hausa da turanci ana maƙale murya ba. Jimla ɗaya rabi nan rabi can, mai jin turanci bai ƙaru ba, tsohuwa a Wamakko ba ta gane ba. In shirin turanci ne a yi turanci mai kyau, akwai ɗalibai da 'yan bautar ƙasa da 'yan kudu da ke zaune da mu shekara da shekaru su ma suna da haƙƙi. In na Hausa ne a yi Hausa. Kuma ba laifi ba ne mai gabatarwa ya yi Sakkwatancinshi, wasu ka gamu da su a waje harshen gidansu suke yi lafiya lau amma da an kunna makirfo sai su koma Kananci ƙarfi da yaji. Kano na da gidajenta birjik ba ta jiran taimakonmu. Fulfulde ma ko rabin awa a sati ba zai karya ku ba, Fulani na cikin waɗanda sunka fi kowa riƙon rediyo a jihar ga kuma su ma suna sayen kaya.

Wani abu da ke ɓata rai, ana tsakiyar shiri sai ɗif, a dawo bayan awa biyu a ci gaba da kiɗa ko ku yi haƙuri babu. Mun san dizal ne. In awa goma sha biyu kuke iyawa a rana ku fito ku ce daga kaza zuwa kaza muke, mu san da haka, kuma shirin ƙarfe takwas ya fara takwas.

Yaran nan masu gabatarwa kuma a biya su haƙƙinsu akan lokaci. Tsarin nan na je ka nemo talla a ba ka kaso shi ke haifar da rabin abubuwan da na lissafa, dan wanda anka bari da yunwa ga makirfo a hannu dole ya nemi abinci da shi, daga nan ake samun kuɗin dije da gaisuwar alhazai ta minti goma da yabon ɗan siyasa a tsakiyar shirin soyayya. Da yaro ya goge ya fara jan jama'a sai ka ji ya koma Abuja ko Kano ko ya buɗe shafinshi a intanet ya tafi da mutanenshi, a kawo sabo a koma farko. Zaɓe in ya matso kuma na san kakarku ce ta yanke saƙa, ku ci kuɗinku halal ne, amma a riƙa gaya mana wanga fili saye anka yi, kar a zaunar mana da sojan baka a ce mai sharhi ne. Kowace jam'iyya a yi mata farashi ɗaya, zagi da tonon asirin iyaye a yanke shi tun a sitidiyo, dan garin ga in ka bi salsala kusan duk dangi ne da surukai.

Abinda nike roƙo a aikace Yallaɓai, ka ware awa ɗaya a wata ka shigo sitidiyo kai da kanka, a buɗe layi mu faɗa ka amsa. Ka kuma sa a kira taron masu saurare ko sau ɗaya ne, ba na 'yan ƙungiya kaɗai ba, a gayyato teloli da direbobi da 'yan kasuwa da manoma da malaman makaranta da yaran nan masu waƙa, mata a yi masu nasu zama daban dan su saki jiki su yi magana. In kujeru da ruwan sanyi ne matsala mu teloli mun ɗauka. Tallar maganin nan ta rana ce dai ba ta jiran taro, ita ko gobe kana iya ɗage ta zuwa dare da sa hannu ɗaya.

Wassalam.

Naka mai saurare,
wani tela daga cikin garin Sakkwato